Shuɗin Allon Ƙofar Baba

Na iso Wagadugu da iyalina a ƙarshen damina, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara bakwai. Kafin nan na daɗe ina zuwa ina komawa. In kawo shadda da atamfa daga Kano, in yi kwana goma, in juya. Mai zuwa ya koma ba a tambayarsa inda yake kwana. Sai da na zo da katifa da tukwane aka fara tambayata.

Dattijon da nake sauka a gidansa a Zango abokin cinikin mahaifina ne tun suna harkar goro. Baba nake ce masa. Kakanninsa ne suka baro ƙasar Hausa, shi a nan aka haife shi, kuma Hausarsa tana da wani nauyi irin na mutanen da, wanda a Kano ma an daina jin sa. Ya ba mu ɗaki biyu a bayan gida, kusa da mangwaro. Da na ɗauko maganar haya ya dube ni kamar na zage shi, ban sake ɗauko ta ba.

Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Amma na yi shekaru ina kula da sito a kasuwar yadi, inda kowace dila take da lambarta, kowane kanta yake da tasa. A can na koyi riƙe ƙaramin littafi a aljihu, in rubuta abin da zan yi bi da bi, in soke shi in na gama. A can kuma na ɗauka cewa duk abin da aka manna wa lamba, lambar tasa ce. Wannan darasin ne ya kusa hana 'yata shiga makaranta.

Ranar Litinin na kai ta makarantar gwamnati da ke bayan kwalta. Ba na jin Faransanci, don haka 'yar Baba ta raka mu. Matar aure ce, tana aiki a wani kantin magani a Tampuy, kullum tana biyowa ta gidan uban a kan moto, wato babur, kafin ta wuce. Yaya Bakano take ce mini, kuma ba ta raga mini ko kaɗan. Shugabar makarantar, wadda suke kira diraktiris, ta duba yarinyar, ta duba littafinta, ta ce gurbi ɗaya ya rage a ajin farko. Ta lissafa abin da take so: takardar haihuwa, hoto, katin rigakafi, da takardar shaidar zama daga meri, wato ofishin magajin gari na yankinmu. Ranar Juma'a kafin azahar za ta rufe jerin sunaye ta aika sama. Wanda ya cika dosiyensa, wato takardun nan huɗu, shi ke da kujera, akwai mutum biyu a bayanmu suna jira.

Uku na farko suna cikin jakata. Na rubuta na huɗu a littafi, na ja masa layi. In muka rasa wannan kujera yarinyar za ta yi shekara guda a tsakar gida, ta shiga aji baɗi tana da takwas cikin 'yan shida. Muka kama hanyar komawa har muka kusa gida. Sannan yarinyar ta tambaye ni ko ita ma za a ɗinka mata riga irin ta yaran da muka gani. Na ce sai an gama takarda.

Da la'asar na fita ƙofar gida da littafina, domin na san abin farko da za a tambaye ni shi ne lambar gida. A jikin bangon akwai rubutu iri uku. Akwai na alli, wasu harufa da lambobi da aka zana a gaggauce. Akwai na jan fenti, rabi ya goge. Sai kuma alluna biyu na ƙarfe, shuɗɗa, masu farin rubutu: dogo a saman ƙofa, ƙarami a jikin ƙyauren kansa, kowanne da ƙusa huɗu. Na tsaya na yi tunani a tsanake. Alli ruwa yana wanke shi. Fenti kowa yana iya saye. Allon ƙarfe mai irin wannan rubutu kuwa hukuma ce kaɗai take yin sa. Na kwafe dogon a matsayin lambar titi, ƙaramin a matsayin lambar gida. Na karanta sau biyu, na gwada da abin da na rubuta. Dattawa huɗu suna zaune a kan tabarma a zaure suna kallona, ban tambayi ko ɗaya ba. Abin da yake a rubuce, me za a tambaya a kai?

Abu guda ya ɗan tsaya mini a rai. Ƙyauren ya girmi gidan. Bangon bulo ne na siminti, shi kuwa katako ne mai kauri, baƙi, da manyan ƙusoshi irin na maƙera, kuma ya fi ramin ƙofar gajarta, har an cike saman da wani falanki. Na lura da wannan, na ce a raina magini ne bai iya awo ba, na shige ciki.

Talata na riga 'yar Baba isa meri. Na sayi tambur, wato kan sarki, na karɓi fom, na kai wa wani mai rubutu da ke zaune a ƙarƙashin darbejiya da tebur. Na buɗe masa littafina ya kwafe. Ko da ta iso ta kafe motonta, na riga na shiga layi, takardata a ninke. Ta ce in ba ta ta duba. Na ce an gama.

Ma'aikaciyar da ke bayan taga babbar mace ce, tabarau a kan hanci, ba ta da gaggawa. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta sake karantawa. Ta yi magana da Faransanci.

"Tana tambaya, a nan kake kwana?" in ji 'yar Baba.

"Ce mata e."

"Ta ce da iyali?"

"Da iyali."

Matar ta cire tabarau ta yi wata doguwar magana, ta juya takardar ta nuna wa 'yar Baba da bakin biro. Na ga 'yar Baba ta sa gefen gyale ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Me ta ce?"

"Ta ce in ruwa ya sauko ina kuke fakewa. Yaya Bakano, ina ka samo wannan nimero?"

"A ƙofar gidanku."

"Shuɗin?"

"Shi ne na hukuma."

Sai ta juya ta yi wa matar bayani, rabi da Faransanci rabi da Mosanci, yaren garin, su biyun suna dariya a hankali, na bayana a layi suna miƙo wuya. Ni dai na tsaya. Ba na son a yi dariya a wurin aiki, balle a kaina, amma abin da ya fi damuna shi ne ban san inda kuskuren yake ba. Daga baya na fahimci cewa lambar titi a garin nan tana farawa ne da lambar sashen gari, don haka da kallo ɗaya matar ta san titin da na rubuta ba a yankinta yake ba. A tsakiyar gari yake, kuma shi ma babu shi.

A waje, a inuwar bango, 'yar Baba ta warware mini. Gidan da nake ciki ba shi ne gidansu na asali ba. Na asalin yana tsohuwar unguwa a tsakiyar gari, inda kakanninsu suka sauka da goro. Tana budurwa hukuma ta tashi unguwar gaba ɗaya don a yi manyan gine-gine. Kowa ya kwashe abin da zai iya. Wasu kwanon rufi, wasu taga. Baba ya cire ƙyauren gidan ubansa da allon lambarsa a jiki, kuma da yake gidan a kan kwana yake, ya ɓamɓare allon titin ma ya haɗa. Da ya gina wannan, sai ya kafa su yadda suke a can.

"To na allin fa?"

"Masu rigakafi."

"Jan fentin?"

"Masu rabon gidan sauro. Da ma shi ka kwafo, ko banza gidan yana nan."

"Kuma duk shekarun nan ba wanda ya gaya wa baƙo?"

"Wane baƙo ne ya taɓa tsayawa yana karanta ƙofa? Kowa cewa yake a kai shi gidan mai shuɗin allo. Kai ne na farko da ka zo da kaye, littafin nan naka, da biro. Baƙo ko da ido makaho ne, Yaya, amma kai har da tabarau ka makance."

Na soke lambobin a littafina da layi biyu.

Kafin mu fito ma'aikaciyar ta faɗi abin da zai maye gurbi. Takardar kuɗin wuta ko ta ruwa mai ɗauke da adireshin gidan. Gidan Baba kuwa mitar kati ce, ruwa kuma masu tura ganga suke kawowa. In babu waɗannan, to kwafin takardar filin, inda aka rubuta lambar yanki da ta parsel, wato fulotin, da katin shaidar maigidan, da sa hannunsa cewa a gidansa nake. Na rubuta ukun a jere. Na ce wannan mai sauƙi ne, tunda duka ukun mutum ɗaya ne yake da su, kuma tare muke cin tuwo. 'Yar Baba ta tada motonta ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Yadda ta faɗe shi bai yi mini daɗi ba.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure, na jira dattawan suka tashi, na yi masa bayani daga farko. Ya saurara yana jan carbi. Da na zo kan allon ya yi murmushi. Da na zo kan takardar fili murmushin ya tafi.

"Ɗana, ɗakin ya yi muku kaɗan ne?"

"A'a, Baba."

"Wani ya ce ka tashi?"

"Ba wanda ya ce."

"To kana zaune. Duk wanda yake shakka ya zo ya gani, a ba shi ruwa ya sha."

Na ce ba za su zo ba, takarda suke so. Ya ce ya san irin takardar. Sau ɗaya a rayuwarsa ya sa hannu a kan takardar da ta shafi gida. Masu kawo ta sun yi sallama, sun zauna a kan tabarma, sun ce ƙidaya ce kawai. Ya ba su takardar gidan ubansa su kwafa, ya sa hannu. Abin da ya biyo baya na ji shi yau. Ya ce katin shaidarsa in ina so in ɗauka, rigarsa ma in ɗauka. Takardar fili dai ba ta fita daga gidan nan, hannunsa kuma ba ya hawa takardar hukuma. Ya miƙe ya ce lokacin alwala ya yi.

Maiɗakina ta riga ni jin labarin, domin a tsakar gida ba a ɓoye komai. Ta ce matan gidan sun gaya mata takardar tana cikin wani gwangwanin madara a ɗakin Baba, kuma ko matarsa ba ta taɓa ganin ta a buɗe ba.

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake," in ji ta. "Kai kuma ka je masa da jeri, na ɗaya, na biyu, na uku, kamar mai karɓar kaya a sito."

"To yaya zan je masa?"

"Ni ina na sani? Ni dai na san saura kwana uku."

Yarinyar tana bakin ƙofa tana jera ƙwallayen mangwaro, tana kiran kowanne da suna kamar malama. Ta ji mu sarai.

Laraba da safe ban buɗe kaya ba. Ba ni da wata dabara, kuma ba zan ce na tafi neman mafita ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne wannan: na rubuta wa hukuma cewa a wani wuri nake zaune, na manna tambur, amma ban taɓa ganin wurin ba. Ina so in gan shi. Na roƙi 'yar Baba ta kai ni kafin ta tafi aiki. Ta ce in hau baya. Na ce ban taɓa hawa bayan moton mace ba, ba kuma yau zan fara ba. Na ari keken wani maƙwabci. Haka muka ratsa gari, ita a gaba tana tafiya kamar mai rakiyar gawa, ni a baya ina haki, duk danja sai ta waiwayo ta ce, "Kano tana nan kuwa?"

Mun wuce ta gefen Bilbalogo muka shiga wani wuri mai faɗin tituna. Gefe ɗaya dogayen gine-gine masu gilashi. Ɗaya gefen fili ne da aka kewaye rabinsa da kwano, ciyawar damina ta kai gwiwa, masu gyaran moto sun kafa rumfa, wata mata tana soya doya. Na fito da littafina, na duba lambobin da na soke, na duba ko'ina. Babu allo ko ɗaya.

'Yar Baba ba ta dubi littafin ba. Ta tsaya ta juya har ta daidaita da gabas, ta ce a nan masallaci yake. Sannan ta fara tafiya cikin ciyawa tana nuni da hannu. Nan gidan liman. Nan gidan mai auna goro. Nan gidan rini, ƙofarsu kullum shuɗiya. Nan gidan wanzamai. Nan lungun da ake bi a je rijiya. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma Faransancin da take cusawa a kowace magana ya ɓace daga bakinta. Ina bin ta ina rubutawa, don hannuna ya saba. A gida na huɗu na tsaya.

"Sake faɗa daga farko."

Ta sake. Liman, mai auna goro, gidan rini, wanzamai. Dattawa huɗun nan da suke zama a zauren Baba kullum la'asar, haka suke jeruwa a kan tabarma daga bakin ƙofa zuwa ciki. Na daɗe da lura ba sa sauya wuri, na ɗauka girman shekaru ne, alhali wanzamin ya girmi liman nesa ba kusa ba. Yanzu ɗaya a Tampuy yake, ɗaya a Zogona wajen ɗansa, sai sun hau mota suke zuwa. Amma in sun zauna, titin nan suke zama. Na gaya mata. Ta ce ita ba ta taɓa lura ba.

Gidan Baba shi ne na kan kwana. Ba bango, ba tushe. Sai da ta sa ƙafa ta kwantar da ciyawa muka ga wani falalen siminti da ya rufe kwata, wanda ake takawa a shiga gida. An danna murafun kwalba a jikinsa tun yana ɗanye, layi-layi, don kada santsi ya kayar da mutum. Ta ce Baba ne ya zuba shi da hannunsa, su kuma yara suka tara masa murafun. Na durƙusa na ƙirga layukan, na auna faɗinsa da taƙi. Na duba abin da ke dama da abin da ke hagu, na rubuta. Ta ce tun da suka tashi Baba bai sake bin ta nan ba, ko asibiti za a kai shi sai an zagaya.

Da la'asar na shiga zaure dattawan suna nan. Na gaishe su bi da bi, wannan karon da sanin abin da nake bi. Ban jira su tashi ba. Na ce, "Baba, yau na je adireshin da na rubuta." Carbin ya tsaya. Na buɗe littafi na ba da rahoto yadda na saba bayarwa in an aike ni duba kaya. Na farko, titin an faɗaɗa shi, ya cinye gaban gidan liman. Na biyu, inda gidan rini yake masu gyaran moto ne. Na uku, rijiya ban gan ta ba. Na huɗu, falalen kwata yana nan, layi bakwai na murafu, ɗaya gefen ya tsage.

"Wane gefen?" in ji Baba.

"Na hagu, in kana fuskantar gida."

"Tun muna can ya tsage. Amalanken wannan ne ya taka shi." Ya nuna mai auna goro da haɓa.

"Ƙarya kake yi, simintinka ne ba kyau," in ji wancan. "Yashi ka cika, don rowa."

Wanzamin ya tambaya ko tsamiyar bayan masallaci tana nan. Na duba littafi na ce ban ga tsamiya ba. Liman ya tambayi abin da aka gina a kan gidansa, na ce kwalta ce, motoci suna bi. Ya ce to, ko ba komai mutane suna wucewa. Suka yi ta tambaya, ina amsa abin da na gani, abin da ban gani ba in ce ban gani ba. Ban ƙara gishiri ba, don ban iya ba.

Da suka lafa na rufe littafin. Na ce, "Baba, can na ce wa hukuma nake, sun ce babu gida, na je na ga gaskiyarsu. Nan kuwa akwai gida, jikarka a ciki take kwana, amma ba ni da abin da zan nuna. Jibi ake rufe suna."

Liman ne ya ce, "Alhaji, takardar lakwal ce fa, ta karatun yarinya."

"Waccan ma ƙidaya ce kawai," in ji Baba.

Aka kira magariba, muka tashi a haka. Na rubuta a littafi: a nemi makarantar kuɗi, a tambayi ko suna karɓa ba takarda. Ban ji daɗin rubuta shi ba.

Alhamis da sassafe ina wanke fuska aka ce Baba yana kira. Na same shi a tsaye a zaure cikin babbar riga ta zuwa Juma'a, hannunsa na dama a cikin aljihun ƙirji.

"Na ce ba ta fita daga gidan nan," in ji shi. "Na sake tunani. Ba ta fita daga hannuna. Ka fahimta?"

Na ce na fahimta.

Da gaske yake. A shagon kwafi ya ƙi miƙa wa mai injin. Shi ya warware ta daga leda biyu, shi ya ɗora ta a kan gilashi, ya riƙe gefenta da yatsa biyu har hasken ya wuce. A kwafin da ke dosiyen 'yata har yau akwai inuwar yatsun. A lokacin ne na fara ganin lambar gidan da nake ciki. Na kwafe ta a littafi, na ba 'yar Baba ta duba. Ta ce, "A'a, yau kuma ni ake tambaya?"

A meri ma'aikaciyar ta gane ni. Ta ce wani abu, 'yar Baba ta ce tana tambaya ko na samu rufi. Da ta ga Baba sai ta miƙe ta gaishe shi da Mosanci, ta sa aka kawo masa kujera. Ya amsa mata da Mosancin da ya fi nata tsufa. Ta tura masa takardar. Ya sa 'yarsa ta karanta masa kalma bayan kalma, ta fassara, ya sa ta maimaita wani layi. Ya tambayi matar ina takardar za ta je bayan nan. Ta nuna masa wata durowa. Ya tambaya wa yake buɗe durowar. Ta ce ita, sai ɓeraye. Ya tambaya ko bayan wannan akwai masu zuwa awo. Ta ce, "Baba, yarinya ce za ta je koyon karatu." Ya daɗe yana kallon biron. Sannan ya yi bisimilla ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, daga dama zuwa hagu, har ya ɗan haura layin da aka tanada. Ya mayar da takardar filinsa cikin leda biyu kafin ya yarda ya tashi.

Mai sa hannu na ƙarshe ba ya nan, aka ce mu dawo gobe. Juma'a tun kafin a buɗe ƙofa ina wurin. Na karɓi takardar wajen ƙarfe goma, na taka keken aro zuwa makaranta. Diraktiris ta jera takardun huɗu a kan tebur, ta duba hatimi, ta rubuta sunan 'yata a layin ƙarshe, ta ja layi a ƙarƙashinsa da rula. Wannan jan layin ya burge ni. Daga can na wuce wajen tela.

Bayan mako guda na sayo ƙaramin gwangwanin farin fenti. Na sami Baba na ce ina neman izini in rubuta lambar gaskiya a bango, don wani baƙon. Ya ce duka biyun gaskiya ne. Na ce to, ta yanzu. Ya fito ya tsaya ya dubi ƙofar, ya ce, "Rubuta. Amma ƙasa da nawa, kuma kada ta fi shi girma." Na auna da rula na rubuta ta a gefen dama, taƙi ɗaya ƙasa da shuɗin allon. Har yau ban ji wanda ya yi kwatance da ita ba. Ni kaina in mai taksi ya tambaye ni, gidan mai shuɗin allo nake cewa.

Wajen wata na biyu da fara karatunta, yarinyar ta dawo da rana ta tsaya a ƙofar gida da jakarta, ta ɗaga kai. Dattawan suna zaure. Ta karanta lambobin shuɗin allon da Faransanci, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi yadda ake yi a aji. Na buɗe baki zan nuna mata farar da ke ƙasa. Baba ya riga ni. Ya ce ta matso, ta sake karantawa, wanzami bai ji ba.